Wayar da Inna Ta Lulluɓe

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba, da fatan takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, ƙafa ba ta kumbura da zaman mota ba. Allah ya tsare ki a hanya, ya tsare ki a masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki a garin da aka tura ki bautar ƙasa, ya kawar da idon mugu daga kanki.

Na san za ki yi dariya in kin tarar da ita cikin jaka, tsakanin kilishi da ƙullin yajin da mamarki ta daka miki. Za ki ce Baba da ya ƙware a saƙon murya har yana damun mutane, yau kuma ya koma biro. To ki yi dariyarki. Ke 'yar fari ce, ga shi kuma sunan Inna da ta haife ni kika ci, kunya biyu ke nan a kaina. Ban taɓa kama sunanki na yanka ba, ban taɓa zaunar da ke na yi miki doguwar magana ba. Takarda ba ta da ido, shi ya sa zan iya gaya mata abin da ba zan iya gaya miki ba. Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya kika baro shi. Kurakuraina zan lissafa miki, kuma babba a cikinsu shi ne na raba Inna da muryar ɗanta har shekara shida, da hannuna, ina tsammanin dabara na yi.

Bari in fara daga Baffanki Sahabi, ƙanena, wanda kika tashi ba ki ji ana kiran sunansa a gidanmu ba. Kina ƙarama ƙwarai lokacin da ya tafi, wataƙila abin da kika riƙe nasa bai wuce yadda yake ɗora ki a wuya ya kai ki fadama ba. Muna da injin ban-ruwa guda ɗaya da mahaifinmu ya bar mana. Wata shekara, albasa tana tsakiyar neman ruwa, Sahabi ya tayar da shi bai duba baƙin mai ba, ya tafi hira. Inji ya ƙone. Ni da nake gyara wa duk Wurno injinansu, nawa ya mutu a gaban mutane, sai zuciya ta ɗebe ni. A nan bakin kwami, fangalin da muke ba albasa ruwa, manoma suna tsaye, na ce masa hannunsa bai taɓa gyara komai ba sai ɓarna, na ce da haihuwarsa gara ɓari. Ya wanke ƙafarsa a ruwan kwami, ya sa takalmi, kwana biyu bayan haka ya bi motar albasa zuwa kudu. Da na ga ya tafi ba sallama, na ƙara da rantsuwa cewa kada wanda ya sake kiran sunansa a gabana.

Injin nan, Uwani, cikin mako uku na gyara shi. Maganar ce ta gagare ni gyara. An ce magana zarar bunu ce, ni na zari tawa a gaban jama'a, inda ko na so mayarwa akwai shaidu. In wani ya ɓata miki a wurin aiki, ki ja shi gefe. Kina da zafin zuciya irin nawa, na gani tun kina rarrafe, kada ki ce ban faɗa miki ba.

Yanzu sai wayar girke. Kin tashi kin gan ta a kan ɗan teburin rumfar Inna, baƙa, da igiyarta mai nannaɗe da ɗan eriyarta. Na saye ta ne tun sabis yana sabon shigowa garinmu, don manoma su riƙa samuna in inji ya ƙi tashi. Abin da ban lura da shi ba a lokacin, wayar nan ba mutum take kira ba, gida take kira. In ta yi ƙara, wanda ke kusa shi ke ɗauka, kuma wanda ke kusa kullum Inna ce. Mutum zai kira daga Rabah, injinsa ya mutu, shinkafa tana ƙishi, amma sai ya fara ba Inna labarin matarsa da ta haihu, da ko an yi ruwa a wajensu, da lafiyar tsohonsa. Wasu har ƙorafi suke yi mini, wai kati yana ƙarewa kafin a zo kaina. Ni kuwa in ce musu ai ba a shiga gida ta kan katanga.

Ga kuma farantin setilayit a kan soro. Don ƙwallo da labarai na kafa shi, amma Inna ta mayar da shi na Makka. Da hantsi in kowa ya watse, sai ta sa a kamo mata tashar Harami, ta zauna da carbinta. Mutane cikin fararen kaya suna kewayawa a hankali kamar ruwan gulbi a inda yake juyawa, ita kuma tana binsu da ido har barci ya ɗauke ta a zaune. Takan ce in ta daɗe tana kallo, sai ta ji sanyin dutsen wurin a tafin ƙafarta. Ba ta taɓa zuwa ba, amma ta san kowace ƙofa da kowane ginshiƙi.

Sai intanet ya zo da arha. Kin tuna hutun da kika dawo daga makaranta kika zaunar da ni a zaure, kika nuna mini ana kallon ƙwallo a waya, ana kiran mutum a ga fuskarsa, duk da data ɗaya? Ina so ki ji wannan da kyau, domin na san halinki na ɗora wa kai laifi: ba ki da laifi ko na ƙwayar gero. Hanya kika nuna mini, ni na zura da gudu ban waiwaya ba. Kuma har gobe ina cin amfaninta. Manomi yana Rimawa zai haska mini injinsa, ya tayar, in saurari tarin da yake yi, in gaya masa abin da zai sayo tun kafin in ɗaura akwati a babur. Kuɗin da faranti yake ci duk wata ya koma cefane. Wanda ya ce miki abin nan ba alheri ba ne, bai taɓa yin tafiyar banza a cikin rana don a ce masa fulogi ne kawai ya yi datti ba.

Na hau soro na kwance faranti da kaina, ina jin kaina wayayye. Shi ne wanda mamarki take shanya tattasai da kuɓewa a ciki yanzu, kuma ta ce bai taɓa yin aikin kirki irin wannan ba. Na kamo wa Inna Makka a wayata, na miƙa mata. Ta kai ta kusa da ido, ta nesanta, ta sake kusantowa.

"Mai-inji," ta ce, kin san haka take kirana, ni ma ɗan fari ne, "mi yas sami Ka'aba tay yi ƙanƙanta haka?"

Muka yi dariya, har da ke. Can sai kira ya shigo, Harami ya ɓace, sunan wani mai tumatir ya hau kansa. Ta miƙo mini wayata ta ce in riƙe abina. Ba ta sake tambaya ba, ni kuma na ɗauka ta haƙura ke nan. Duk inda kika je, a ɗakin haya ko a ofis, in za ki kawar da wani abu da kika tarar, ki fara tambaya wa ke zama a inuwarsa. Mai amfani da abu sau da yawa ba shi ne mai baki a kansa ba.

Bayan faranti na juyo kan wayar girke. Batirinta ya gaji, ga kati da sai an riƙa sa mata don kada layi ya mutu, ga shi duk manoma sun koma kirana a aljihu. Ina cire murfin bayanta, mamarki ta fito daga madafi hannunta duk ƙullu.

"Malam, da ka bar ma Inna wayatta."

"Wa ka kiran Inna?" na ce. "In wani na son ta, shi kira tawa in kai mata."

Ta dubi ƙofar ɗakin Inna, ta dube ni, ta koma madafi. Na zare ɗan sim ɗin na jefa a akwatin aiki cikin kusoshi, inda ya ɓace har yau. Inna ta leƙo ta ce, "Bar mani akwatin." Na bar mata. Ta goge shi, ta lulluɓe da wani tsohon mayafinta mai ruwan toka, ta bar shi a inda yake.

Kin san ranar kasuwar Goronyo ba ta taɓa samuna a gida, tun ina saurayi. Da safe nake fita, sai yamma. Amma wata rana zazzaɓi ya kwantar da ni ranar kasuwa, sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Ana sallame azahar, Inna ta yi wanka, ta sa kwalli, ta ɗaura zanenta mai kyau, ta jawo tabarma kusa da teburin nan. Ta ɗage mayafin ta ninke shi a cinya. Ta zauna tana duban wayar da ba ta da rai, inuwar rumfa tana matsawa a kan ƙafafunta, kaji suna wucewa, har aka kira la'asar. Sannan ta mayar da mayafi.

Maimakon in tambaya, sai na yi mata ba'a. Na ce, "Inna, ko tsoho za shi kira daga lahira?"

Ta ce, "Mai kira ya san lokaci."

Na yi dariya na juya na ci gaba da barcina, na ce tsufa ne. Shekara shida ina cewa tsufa ne. Uwani, ruwa ba ya tsami banza. In kin ga babba yana maimaita wani abu da ba ki gane ba, ki durƙusa ki tambaya, kuma in ya ba ki guntuwar amsa kada ki tashi, ki ƙara zama. Da na zauna ranar nan minti goma, da wasiƙar nan ba ta kai haka tsawo ba.

A bana ne Allah ya tona asirina. Wani masunci a bakin dam ɗin Goronyo, Altine, wanda yake ɗan noman rani a gefe, ya aiko in zo in duba masa inji. Ina son wurin nan tun da can. In na gama aiki nakan zauna a kan dutse in bar ido ya tafi. Ruwa ya shimfiɗa har inda gani ya ƙare, kwale-kwale can nesa kamar ba ya motsi, balbelu suna tashi suna sauka a kan gonakin alkama. Sau da yawa nakan yi tunanin muryoyin mutane da ke ratsa iskar nan ba a ganinsu, wannan tana gaida uwa, wannan tana tambayar farashin albasa, wannan tana kuka, kowace ta nufi gidan da aka aike ta. Ban taɓa tambayar kaina ba ina murya take sauka in ta iso ta tarar an rufe gidan.

Injin Altine yana buƙatar wani ƙarfe da sai an sayo daga Sakkwato. Na ce ya ba ni lambarsa in kira shi in ya iso. Ya fara karantowa ina dannawa. Bai kai rabi ba na ji bakina ya ƙarasa sauran da kansa. Ya tsaya yana kallona.

"Malam, ina kas san lambata?"

"Lambag gidanmu ta," na ce. "Ta da."

"Wurno?"

"Wurno."

Ya ajiye komar da yake ɗinki, ya riƙe baki. "Ashe ku na masu Inna!"

Ashe layi in an daɗe ba a taɓa shi ba, kamfani yakan karɓe abinsa ya sayar wa wani. Altine a kasuwa ya sayi nasa, shekara biyar ke nan. Ya ce tun makon farko, duk ranar kasuwa bayan azahar, sai wani ya kira ya ce, Inna ina wuni. Ya gaya masa ba nan ba ne, ya sake gaya masa, har ya taɓa zaginsa, mutumin nan bai fasa ba. Wata rana ya bar wayar a gida tana caji, sai tsohuwarsa ta ɗauka.

"Tun rannan," in ji Altine, "ranak kasuwa ba ni hita da waya. Tata ta."

Ya kai ni wurinta. Iya Kulu sunanta, 'yar ƙaramar tsohuwa, tana zaune gaban banda tana juya kifi, hayaƙi ya rina mata ido. Da ta ji ko ni wane ne, ta daɗe tana dubana, irin duban da ake yi wa wanda aka riga aka ji labarinsa.

"Tun ranaf farko na hwaɗa mai ni ba Innatai ta ba," ta ce. "Yac ce ya sani, in dai amsa mai. To mi za ni yi? Yaro ya ce Inna, sai in ce na'am. In tambaye shi aiki, in sa mai albarka."

Na ce, "Bai hwaɗi gidansu ba?"

"Wurno kaɗai yac ce. Na ce mai shi tai gida, yac ce tsoro shikai. Wata da watanni shina kira layi a kashe. Yac ce ɗayan biyu na, ko Inna ta rasu anka kashe waya, ko yayanai ya gane yat toshe shi. Kuma ba shi son sanin wanne na."

Da na dawo gida na tsare mamarki, ta fashe da kuka. Shekara takwas Sahabi yana kiran Inna a wayar girke, duk ranar kasuwar Goronyo, don ya san ranar ba na nan. Daga rumfunan masu sayar da kira yake bugowa a lokacin, yau nan gobe can, ba wanda ya riƙe masa lamba, shi ma tamu kaɗai ya haddace. Inna ta sa mamarki ta rantse ba za ta faɗa ba, saboda rantsuwata. Da na cire layin, Inna ta ce a bar ni, in Allah ya so yaron zai samo wata hanya. Kin ga ke nan tsorona ya fi ƙarfin bakinsu. Ba abin alfahari ba ne a ce gidanka ana tsoronka har a kasa gaya maka kana ɓarna. In Allah ya ba ki girma wata rana, ki duba ko akwai wanda zai iya ce miki a'a. In babu, ki nemo.

Za ki ɗauka a ranar na kira shi. Ban kira ba. Altine ya kwafo mini lambar Sahabi a 'yar takarda, na cusa ta a naɗin hulata, na yi kasuwa uku ina yawo da ita a ka. Kullum in ce gobe. In fito da ita, in shirya abin da zan ce, sai in ji ai ni ne babba, shi ya tafi ba sallama. Wani lokaci kuma kunya ce zalla, in rasa ta inda zan fara. Ina cikin wannan jan ƙafa Inna ta kwanta, kwana biyu ko kunu ba ya wucewa. Na zauna a bakin gadonta ina jin numfashinta yana hawa yana sauka, ga lambar ɗanta a kan kaina. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Allah ya tashi kafaɗunta, amma ba don na cancanta ba. In kin san ke ce da laifi, kada ki jira ki sami kalmomi masu kyau. Ki je da munanan da kike da su.

Da ta fara zama, na yi wata dabara, irin tawa ta makanikai. Na ce zan sayo layin daga hannun Altine, in mayar da shi cikin akwatin Inna, waya ta yi ƙara kamar ba a yi komai ba, ni kuma in tsira da girmana. Na koma bakin dam ranar kasuwa da hantsi. Altine mutumin kirki, ya ce ko kyauta ma in ɗauka. Har ya fara neman tsinken da zai zaro sim. Sai na waiwaya wajen banda. Iya Kulu tana ta juya kifin da ya riga ya gasu. Ta sa kwalli, Uwani. Ta ɗaura zane mai kyau.

Na san wannan kwallin. Na ce wa Altine ya bari. Saura ƙiris in sake cire waya daga hannun wata tsohuwa ban tambaye ta ba.

Kasuwar da ta biyo na nemi mota, na ce wa Inna likita ya ce ta sha iska, za mu je ta ga dam. Ke kina Sakkwato wajen karɓar takardunki. Mamarki ta zauna da ita a baya tana tallafe ta. Inna ta yi shekaru ba ta fita Wurno ba, amma duk ƙauyen da muka wuce sai ta kira sunansa, ta faɗi wanda ta sani a ciki, yawancinsu sun daɗe a ƙasa. Sai dai tun da rana ta fara ɗagawa hankalinta ya koma gida.

"Mu koma kahin azahar," ta ce. "Ina da abin yi."

Na ce to.

Aka shimfiɗa musu tabarma a inuwar gawo, ita da Iya Kulu, suka yi ta gaisuwa kamar ba za su gama ba. Aka kawo kifi, Inna da ba ta cin abinci ta ci rabin tarwaɗa. Altine ya ajiye wayarsa a kan faifai a tsakaninsu. Muka yi azahar a nan bakin ruwa. Iska ta kwanta, ba ka jin komai sai ruwa yana lasar dutse. Inna ta fara neman takalmanta, tana cewa mun makara.

Sai wayar ta yi ƙara.

Iya Kulu ta ɗauka. "Lahiya lau, ɗana. Lahiya lau. Yau baƙuwa gare ni, ga ta ku gaisa."

Inna ta karɓa don kara, ta riƙe da hannu biyu yadda take riƙe ta gida. Daga inda nake ina jin muryar tana fitowa siririya, tana sallama, ta sake sallama. Na ga bayan Inna ya miƙe. Ta rufe ido. Na ɗauka za ta yi salati ko ta yi kuka, amma da ta buɗe baki cewa ta yi:

"Sahabi, ka ci abinci?"

Ban iya tsayawa ba. Na gangara bakin ruwa na tsuguna, na yi kukan da ban yi ba ko ranar da muka binne mahaifinmu. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, sai na ji ta ƙwala mini kira, da ƙarfin da na manta tana da shi.

"Mai-inji! Taho."

Ta miƙo mini waya. Ba ta roƙe ni ba, ba ta kuma ba ni zaɓi ba. Na kara a kunne.

"Yaya," ya ce.

"Na'am."

Ina jin hayaniyar kasuwarsu a bayansa, can kudu, ana sauke buhuna. Duk maganganun da na shirya kasuwa uku suka gudu. Kin san abin da ubanki ya ce, bayan shekara goma sha huɗu?

"Injin nan na gyara shi."

Ya ce, "Shina tashi?"

"Bugu guda."

Ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. A nan ne na samu na ce ya yafe mini, na ce layin ni na cire, da wauta, ban san yana kira ba, kuma maganar bakin kwami ƙarya na yi. Ya ce ya yafe, ni ma in yafe. Ya ce zai zo in an kwashe albasa. Ban sani ba ko zai zo, ban kuma matsa masa ba. Abin da na sani, yanzu ranar kasuwa tsofaffi biyu yake kira, ta bakin dam da ta Wurno, kuma wai kowace tana tambayarsa me ɗayar ta ce.

Shi ya sa da kika dawo kika tarar an ɗage mayafin, kika tambayi mamarki me ya sami Inna take waƙa tana tsince shinkafa. Na sa wa akwatin sabon batir da sabon layi. Talabijin ma wani abokin aikina ya haɗa shi da intanet, Ka'aba ta koma girmanta, faranti kuma ya ci gaba da aikin tattasai. Ban koma baya ba, ba kuma na ce ki koma ba. Ki sayi datarki, ki kira mamarki ta ga fuskarki, ki turo mini hoton ɗakinki in ga ko tagar tana da ƙarfe. Amma layin nan na rumfar Inna, ko kira ɗaya ne yake shigowa a shekara, ba zai mutu ba ina da rai.

Na rubuta miki lambar layin a bayan takardar nan. Kada ki tsaya ga adana ta a waya, waya tana faɗawa ruwa, ana sacewa. Ki haddace ta yadda kika haddace Fatiha, ta zauna a bakinki. Ki zaɓi rana guda ki riƙe, kada ki canza, domin tsofaffi da rana suke jira, ba da saƙo ba. In kin yi kuskure a can, ko wane iri ne, ko kina ganin ba zan iya ji ba, ki kira. In kin kira kin ji shiru, kada ki zauna kina saƙa ko mutuwa aka yi ko fushi ake yi da ke, ki hau mota ki zo ki gani da idonki. Gidan nan ba a toshe kowa kuma.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi mini wuyar rubutawa. Wayar gida wanda ke kusa shi ke ɗauka. Wata rana za ki kira ki ji muryata. Na san abin da za ki yi, domin shi kike yi tun kina yarinya: Baba ina wuni, lafiya lau, a ba Mama. Ni na koya miki haka da shiruna, ban ga laifinki ba. Amma in kin ji ni ne, ki ɗan dakata. Ba sai kin ce wani abin kirki ba, ni ma ban iya ba, kin dai ji abin da na ce wa Baffanki. Ki tambaye ni ko inji yana tashi, ya isa.

Inna tana sa miki albarka, ta ce ki riƙa cin abinci. Mamarki ta ce yajin a rufe shi da kyau. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya kare ki daga sharrin hanya da na dare da na mutum, ya sa ki gama lafiya, ya dawo mana da ke muna raye, ki tarar da Inna a rumfarta. Amin.

Ranar kasuwar Goronyo mai zuwa ba zan fita ba. Na gaya wa manoma injinansu su jira. Zan kasance a rumfa bayan azahar, kusa da teburin.

Wassalam.

Mahaifinki,
Mai-inji,
Wurno.